IN SITIYARI YA ƘAGE YA SAKI, KADA A CE YA WARKE

A wannan fitowa za mu yi magana ne a kan wani ciwon mota da direbobi suka sani sarai, amma mu masu dukiya ba mu cika jin labarinsa ba sai bayan mai afkuwa ta afku. Ciwon kuwa shi ne, mota tana cikin tafiya da lodi sai sitiyari ya ƙage, direba ya yi ta kokawa da shi na ɗan lokaci, can sai ya saki ya koma laushi kamar ba a yi ba. Direba ya share gumi ya ce Alhamdu lillahi, a ci gaba da tafiya. In an isa gareji makanike ya murza ya ji lafiya lau, sai ya ce ai babu komai.

To akwai komai. Duk wanda ya daɗe a kara ya san saniya mai sammore. Yau zazzaɓi ya kama ta, jibi ta miƙe tana kiwo, bayan kwana kaɗan ya dawo. Ba wanda zai ce ta warke don ya gan ta a ranar da ta ji sauƙi. Haka sitiyarin nan yake. Sakin da ya yi bai nuna an rabu da ciwon ba, sai dai abin da ya tayar da shi ne ya gushe, kuma zai dawo a kwana ta gaba ko gangara ta gaba.

Iyayenmu da ƙafa suke kora shanu zuwa kurmi, a yi wata da watanni a hanya. Daga baya layin dogo ya iso Kano a 1911, Ƙaurar Namoda a 1929, Nguru kuma a 1930, aka koma loda dabbobi a taragu. Yau kuwa dabbar da aka saya ranar Alhamis a Maigatari, ko Lahadi a Illela da Mai'aduwa, ko Laraba a Potiskum, a tirela za ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ta ga Legas ko Fatakwal. Wato jarin mutum gaba ɗaya, da amanar mutane da ya karɓo bashi, da rayukan yaran da ke saman bodi, duk suna rataye ne a hannu biyu na direba. Don haka ya kamata mu ma mu san abin da ke cikin hannun nan nasa.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Ƙafafun gaba na babbar mota suna ɗauke da nauyin tan da yawa. Ƙarfin mutum kaɗai ba zai juya su cikin sauƙi ba, musamman in mota na tafiya a hankali. Shi ya sa aka haɗa wa sitiyari mai taimako, wanda makanikai ke kira pawa. Ba fawar su sarkin fawa ba, wannan ta mai ce.

Kayan aikin guda huɗu ne. Akwai ɗan tanki da ake zuba man sitiyari, mai matata a cikinsa. Akwai famfo da injin mota ke juyawa, a wasu motoci da bel, a yawancin manyan motoci kuwa da haƙoran ƙarfe kai tsaye daga jikin injin. Akwai tiyo biyu ko uku da man ke bi. Sai akwatin sitiyari, inda man ke shiga da ƙarfi ya tura ƙafafu. In direba ya murza dama, wani bawul a cikin akwatin sai ya buɗe wa man hanya ya tura dama, in ya murza hagu ya tura hagu. Ƙarfin da man ke zuwa da shi a babbar mota ya kan haura bar 100, alhali iskar da ke cikin tayar tirela ba ta cika wuce bar 8 ko 9 ba.

Abu biyu za a riƙe a nan. Na farko, famfon nan da injin yake rayuwa. In injin ya yi ƙasa ƙarfinsa ya ragu, in injin ya mutu ya mutu tare da shi. Na biyu, ko da pawa ta ɗauke, sitiyari bai rabu da ƙafafu ba, har yanzu ƙarfe ne ya haɗa su. Mota za ta juyu, sai dai da ƙarfin tsiya. Direban da ya san wannan ba zai saki sitiyari ya ce ya kulle ba.

ME YA SA YAKE ZUWA YANA TAFIYA?

Mafi yawa ƙarancin mai ne. In man tanki ya yi ƙasa, a miƙaƙƙiyar hanya famfo yana samun abin da zai ja. Amma da an sha kwana, ko an kama hawa, ko an faɗa rami, sai man ya tuntsura gefe guda, famfo ya zuƙi iska. Iska kuwa ba ta tura ƙarfe, matsewa take yi. Nan take sitiyari ya yi nauyi, kuma a daidai wurin da aka fi buƙatarsa. Da mota ta daidaita man ya dawo, sai ya saki. Kuma a sani, man sitiyari ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. In ya ragu to yoyo yake yi a wani wuri, ƙari ba zai toshe ƙofar ba.

Na biyu, iska ta kan shiga ko da tanki a cike yake. Tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa famfo in ya tsufa ya tsage, ko maɗaurinsa ya saki, ba lallai a ga ɗigo ba, domin zuƙa yake yi ciki. Alamarsa, in aka buɗe tanki injin na aiki za a ga man ya yi kumfa, a kuma ji famfo yana gurnani in an murza sitiyari. Shi wannan tiyo in ya yi laushi da zafi ya kan shafe ya toshe hanyar man, in ya huce ya buɗe. Makaniken da ya duba shi da safe ba zai ga laifinsa ba.

Na uku, bel, ga motar da famfonta ke aiki da shi. Bel da ya saki, ko ya goge ya yi santsi, ko baƙin mai ke ɗiga a kansa, yana juya famfo muddin ba a matsa masa ba. Da an nemi ƙarfi sai ya zame, a ji ƙara tsiii. Da damina abin ya fi yawa. A keta kududdufi ruwa ya jiƙa bel, sitiyari ya ɗauke na ɗan lokaci, bel ya bushe ya dawo.

Na huɗu, datti. A cikin famfo akwai wani ɗan bawul da ke daidaita yawan man da ƙarfinsa. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɓurɓushin ƙarfe ya isa ya maƙale shi a buɗe, man ya koma baya maimakon ya tafi akwati. In girgizar hanya ta fitar da dattin sai ya koma aiki. Hanyoyin kasuwanninmu na ƙura ne, ga harmatan, ga mazurari da galan da ake ɗura mai da su ba a wanke ba. Matatar cikin tanki kuwa, akwai motar da tun da aka shigo da ita daga Turai ba a taɓa canza mata ba.

Na biyar, famfon da ya gaji. Da safe man yana da kauri, famfo yana iya tura shi. In rana ta take, an yi awa biyar ana tafiya, man ya yi zafi ya tsinke, sai ya riƙa sulalewa ta cikin wuraren da suka cinye. Za a fi jin nauyin in injin na silo, kamar wajen shiga kara, ko juyawa a shingen kwastan da duwan. In aka ɗan taka totur sai ya yi sauƙi. Wannan alama ce ta famfo ya kusa gamawa.

Na shida, man da ba nasa ba. Yawancin motocin Turai irin su DAF, MAN da Marsandi jan man nan na giya mai canza kanta suke sha, wanda ake rubuta wa ATF. Wasu motocin Amurka kuma baƙin mai aka rubuta musu. A duba murfin tanki ko littafin mota, a tsaya kan abin da aka rubuta, kada a gauraya. Man birki kuwa guba ne a nan. Yana kumbura robobin ciki ya lalata su, gyara ya koma na famfo da akwati gaba ɗaya.

Akwai kuma nauyin da ba ruwansa da pawa. Sandar da ta sauko daga sitiyari zuwa akwati tana da gaɓoɓi. In suka yi tsatsa, za a ji sitiyari yana cijewa yana saki a wuri ɗaya duk zagaye. Kimfin da ya bushe babu giris yana kawo nauyi, haka tayar gaba mai ƙarancin iska. Farantin da tirela ke zaune a kansa a bayan kan mota, in ya bushe, kan motar ya kan ƙi juyawa sannan ya fizge gaba ɗaya. Gwangwanin giris ɗaya ya isa maganin wannan.

INJIN DA YA MUTU A GANGARA

Wannan ya fi duk sauran haɗari, kuma sau da yawa da hannunmu mu ke jawo shi. Direba ya ga gangara sai ya sa mota a firi don ya rage shan gas, wani ma har ya kashe injin. To a firi injin yana silo ne, famfo yana bayar da mafi ƙarancin ƙarfinsa, alhali mota tana ƙara gudu. In gas ɗin mai ruwa ne ko mai datti, irin na bakin hanya, injin ya kan shaƙe ya mutu ba sallama. Da ya mutu, pawa ta tafi, injin da ke cika tankin iskar birki ya tsaya, riƙon da giya ke yi wa mota ma babu shi. Wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko gangarar Ugwu Onyeama ta shiga Inugu, ko dutsen da ke tsakanin Garwa da Ngaundere, ya san ba wuraren da za a so a rasa abu uku a lokaci guda ba ne. Kuɗin gas ɗin da aka tsimi a gangara bai kai kuɗin ƙahon sa ɗaya ba.

LODIN SHANU DABAN NE

Wani zai ce ai motar siminti ma tana samun wannan ciwo. Haka ne, amma buhun siminti ba ya motsi. Sa talatin masu kilo 350 kowanne sun haura tan 10, kuma nauyi ne mai rai, mai tsoro. In mota ta karkata su ma su karkata, in an taka birki da ƙarfi su zube gaba, wanda ya faɗi a tattake shi. Yanzu a ɗauka sitiyari ya ƙage a tsakiyar kwana. Direba ya sa duk ƙarfinsa yana ja. Kwatsam pawa ta dawo, sitiyarin da ya yi tauri ya zama laushi a hannun mutumin da ke ja da ƙarfi. Kan mota ya fizge, dabbobi su tuntsura gefe guda, bodi ya bi su. Dawowar pawa ma tana iya kayar da mota.

Abin da ke biyo baya kuwa kowa ya sani. Wanda aka samu aka yanka a bakin titi a sayar da shi yadda mai saye ya ga dama, wanda ba a kai gare shi da wuƙa ba ya zama mushe. Wannan ta dukiya ke nan. Yaran da ke zaune a saman katako, da fasinjan da aka ɗauka a hanya don kuɗin cefane, su ba su da abin riƙewa.

IN YA FARU ANA CIKIN TAFIYA

Direba ya kama sitiyari da hannu biyu, ya ja da ƙarfi amma a hankali, yana sane da cewa zai iya saki kowane lokaci. Ya ɗaga ƙafa daga totur. Ya taka birki sannu a hankali, kada ya daka shi gaba ɗaya. Ya bar mota a giya, kada ya sa firi, kada ya kashe injin. Ya kunna fitilun haɗari ya yi oda. In injin ne ya mutu, kada ya riƙa taka birki yana saki, domin kowace saki iska ce ke fita kuma babu mai mayar da ita. Ya taka ya riƙe har mota ta tsaya. Ya nemi wuri mai faɗi tun da sauran gudu kaɗan, don mota in ta kusa tsayawa sitiyarin da babu pawa ya fi nauyi.

In an tsaya a sa waigi a ƙafafu, a ajiye alama nesa da mota gaba da baya, a sauke mutanen saman bodi su koma gefe. Sannan a duba tanki, a duba bel, a leƙa ƙasa. Kada a shafa tiyo da hannu ana neman yoyo injin na aiki. Man da ke fita da wannan ƙarfi yana huda fata. A kara kwali a gani. In man yana fesa wa salansa ko jikin injin mai zafi, a kashe injin nan take don gudun gobara. A Nijeriya lambar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ce 122.

In an ƙara mai pawa ta dawo, wannan izini ne na lallaɓawa zuwa gari mafi kusa mai makanike, ba izinin zarcewa Legas ba ne.

ƘANANAN MOTOCINMU

Yawancinmu muna da ƙaramar mota ta zagayen kasuwanni. Da yawa daga cikin na zamanin nan ba su da man sitiyari sam, ɗan injin lantarki ne ke taimakon. Irin waɗannan in batir ya yi sanyi, ko abin cajinsa ya fara gazawa, ko kan batir ya saki, pawa ta kan ɗauke, a ga fitila mai hoton sitiyari ta kama. In an kashe mota an tayar sai ta dawo. Wannan ma kada a ce ya warke, a kai wa mai na'urar duba mota ya karanta abin da kwamfutarta ta ajiye.

Kuma kada a raina makulli. A 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6 saboda mazaunin makullinsu ba shi da riƙo. Nauyin tarin makullai ko girgizar rami ya kan juya shi, injin ya mutu ana cikin gudu, pawa ta ɗauke, jakar iska ta ƙi buɗewa. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124 a dalilin haka. Mu da mu ke rataya makullin gida da na shago da na garke a jikin na mota, sai mu rage. In injin ƙaramar mota ya mutu a tafe kuma, kada a zare makulli, don nan ne sitiyari ke kullewa kulle na gaske.

KAFIN A YI LODI

Dubawar ba ta cin minti goma sha biyar, kuma a yi ta kafin dabba ta farko ta hau. A buɗe tanki a ga man ya kai alama. A duba launinsa a shinshina. In ya yi baƙi yana ƙauri, ko ya yi fari kamar an zuba nono, ko yana kumfa, akwai magana. A leƙa ƙarƙashin famfo da akwati da bakin kowane tiyo. A tayar da injin a murza sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu ana saurare, amma kada a danne shi a ƙarshe fiye da ɗan daƙiƙu, yana dafa man. A girgiza sitiyari a ga wasan da yake yi kafin taya ta motsa. In ya wuce kimanin santimita 5, wato faɗin yatsu uku, a nemi dalili. A auna iskar tayoyin gaba. Direba ya tafi da galan na man da ya dace a rufe, da bel na ajiya, da maɗaurin tiyo.

In za a kai gareji, a gaya wa makanike lokacin da abin ke faruwa: da sanyin safiya ne ko bayan an yi nisa, a kwana ne ko a miƙe, da lodi ko babu, bayan ruwa ne, akwai ƙara ko babu. Wannan bayani shi ne rabin gyara. A roƙe shi ya gwada motar bayan ta yi zafi, in yana da gejin auna ƙarfin famfo ya sa. Kada a yarda a sayi famfo don kawai an ce wataƙila shi ne, alhali tiyo ne ke shan iska.

NAMU LAIFIN, MU MASU DUKIYA

A nan sai mun gaya wa juna gaskiya. Direba ya san motarsa tana wannan ciwo, to me ya sa ya ke shiru? Don ya san in ya faɗa za a ba wani lodin. In ya tsaya a Mokwa ko Lakwaja ya ce sai an gyara, waya za ta yi ta ƙara, Alhaji yana cewa kasuwa za ta faɗi, shanu za su rame, a lallaɓa a ƙarasa. Mai mota kuma yana cewa a bari sai an dawo. Kowa yana tura gyara gaba, sauri kuwa shi ya kan haifi nawa.

Shawararmu ita ce, tun wajen cinikin mota a yi maganar a gaban shaidu. Mai kaya ya tambayi direba kai tsaye, malam direba, sitiyarinka ya taɓa ƙage maka a tafiyar da ta wuce? Yaron mota ma a tambaye shi, shi ba ya ɓoyewa. A kuma yi alkawari cewa in an tsaya saboda sitiyari ko birki ba za a zaftare wa direba ko sisi ba, a fayyace wanda zai biya gyara da wanda zai biya ruwa da harawa. Wanda ke rakiyar dabbobi a ba shi ikon cewa a tsaya. A riƙe lambar wani ɗan uwa a manyan zangon hanya wanda zai nemo makanike, ko wata mota in ta kama a juye. In tsayuwar za ta yi tsawo da rana, a nemi inuwa, a duba waɗanda suka kwanta a tashe su. Ramar kwana ɗaya kasuwa tana iya mayarwa. Sannan a daina cusa ƙarin sa biyu ko uku a kan abin da mota ke ɗauka, kuma a daina ɗora fasinja a saman dabbobi.

Mun san saniya tun daga tafiyarta, mu kan gane mai ciwo ko da mai ita ya rantse. To motar da za ta ɗauki saniyar ma ta cancanci wannan ido. Wanda ya karanta ya karanta wa direbansa da yaransa, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Amin.